Uku sau uku sau uku: a ba yaro katako kafin a ba shi alli

Tambaya: Ni malamar firamare ce, aji uku nake riƙe da shi, kuma ina da yarinya 'yar shekara biyar a gida. Na ga hotunan wata makarantar Montessori inda ƙananan yara ke wasa da wasu dunƙulallun duwatsu, aka ce wai kiyub ɗin lambobi suke koyo. Mu kuwa a makarantarmu ko 'yan aji shida ka rubuta wa 3³ sai su ce maka tara. Anya ƙaramin yaro zai gane wannan abu? In zai gane, da wane kaya zan koyar, tunda ba mu da kuɗin sayen na kanti?

Amsa: Malama, sannu da fama, Allah ya ba da lada. Zai gane sarai. 'Yar shekara biyar ɗin nan taki za ta iya sanin cewa kiyub ɗin uku ashirin da bakwai ne, muddin ita ta gina shi da hannunta, ta rushe, ta ƙirga. Abin da ya fi ƙarfinta a yanzu shi ne ƙaramar ukun nan da ake rataye wa a kafaɗar lamba, kuma ba ta da bukatarta tukuna.

Bari in fara da 'yan aji shidan, domin tarar da suke faɗa kala biyu ce. Wani ya ɗauki babbar uku ya ninka da ƙaramar uku, ya samu tara. Wani kuma ya san ana ninka lamba da kanta, ya yi sau ɗaya ya tsaya, shi ma ya samu tara. Cuta biyu, alama ɗaya. In kina son ki rarrabe su, rubuta musu 4³. Mai ciwon farko zai ce goma sha biyu, mai na biyu zai ce goma sha shida. Lambar uku mayaudariya ce a wannan darasi, kuma za ki ga ta sake yaudara a gaba. Na jima ina horar da malamai kan lissafin firamare, kuma kusan duk wanda na sa ya ba da misali a allo, da uku yake farawa.

Maganar suna kuma. Kiyub shi ne abin da ke da fuska shida, kowace fuska murabba'i, duk girmansu ɗaya, kamar dayis ɗin ludo. Larabawa suna ce masa muka'ab, tushe ɗaya da sunan Ka'aba, duk da cewa ɓangarorin ɗakin Allah ba su zo daidai cif da juna a awo ba. Da ƙananan yara nakan ce "dunƙule", don sun saba jin kalmar a kicin. Akwai wani ɗan tarko a harshenmu da ya kamata ki kiyaye: tsawo da tsayi muna amfani da su ga abin da ya miƙe a ƙasa da kuma abin da ya tashi sama. In kika ce wa yaro "tsawo, faɗi, tsayi", abu biyu ya ji, ba uku ba. Ni nakan ce gefe, gaba, sama, ina nunawa da hannu. Layin da aka ɗora kan wani kuma in kira shi hawa, kamar na bene. Babu yaron da bai san bene hawa uku ba.

Abin da kika gani a hoton ya samo asali daga Maria Montessori, likita 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum cikin Janairun 1907. A ajinta ɗan shekara uku yana farawa da wata hasumiya mai ruwan hoda: kiyub goma na katako, ƙaramin santimita ɗaya ta kowane gefe, babban santimita goma. Ba a ce masa komai game da lamba. Ɗauka yake ɗaya bayan ɗaya ya kai tabarma ya jera, babba a ƙasa. Amma ƙaramin da yatsu biyu ake ɗaukarsa, babban sai da hannu biyu, domin ya ninka ƙaramin sau dubu. Hannun yaron ya riga ya ji bambancin 1 da 8 da 27 har zuwa 1000 shekaru kafin ya ji sunayensu.

Duwatsun kuwa sai wajen shekara biyar. Kowace lamba da launinta: uku ruwan hoda, biyar shuɗi mai haske, goma ruwan zinare. Ɗauki biyar. Akwai sandar waya mai duwatsu biyar. Akwai gajeriyar sarƙa mai irin wannan sanda guda biyar, in an naɗe ta ta zama murabba'i mai 25. Sai doguwar sarƙa mai sanda 25, duwatsu 125, wadda in aka naɗe ta take ba da murabba'i biyar. A ɗora su kan juna, ga kiyub ɗin biyar. Yaro yana shimfiɗa sarƙar a ƙasa yana ƙirga biyar, goma, sha biyar, yana ajiye 'yar takarda mai lamba a ƙarshen kowace sanda, in ya isa 125 sai ya ɗauko dunƙulen ya ajiye a wurin. Ta goma ita ce mai duwatsu dubu, sau da yawa ma aji ba ya ɗaukarta sai an fita baranda. Duk yaron da ya taɓa ganin carbi mai dubu a hannun kakansa ya san irin tsawon da nake nufi, kuma zai sha mamaki ya ga duk wannan ya dunƙule ya zama abin da zai riƙe a tafin hannu biyu.

Tun kafin ita ma, Friedrich Froebel, Bajamushen da ya ƙirƙiro makarantar kindagatin wajen 1840, yana ba yara akwati mai kiyub ɗaya da aka yanka gida takwas, in sun girma kaɗan a ba su wanda aka yanka uku-uku ta kowane gefe. Katako ne kawai, babu wani sirri a ciki. Shi ya sa nake ce wa malamai kada tsadar kayan kanti ta karya musu gwiwa.

Je ki wurin kafinta. Ki ce ya samo katakon tu-bai-tu busasshe, ya goge shi har ɓangarorin biyu su zo daidai, sannan ya yanka shi gunduwa-gunduwa, tsawon kowace gunduwa daidai da kaurin katakon. Ki tsaya a kan wannan magana ta ƙarshe. Karon farko da na ba da irin wannan aiki, cewa kawai na yi a yanka mini inci biyu-biyu, alhali katakon bayan guga bai kai inci biyu ba. Aka kawo mini buhu guda na 'yan bulo masu ɗan tsawo ta gefe ɗaya. Da yara suka gina, sai ginin ya fito a karkace, wata yarinya ta ce mini, "Malam, wannan ai ba dunƙule ba ne, akwati ne." Gaskiyarta, kuma kuɗina ya tafi. Ki sa ya kafa ɗan katako a bakin zarto a matsayin ma'auni don kowace gunduwa ta fito ɗaya, ki kuma gwada guda takwas a gabansa kafin ya yanka saura: ki gina biyu-biyu, ki juya wasu a kwance wasu a tsaye. In saman ya yi sumul babu tudu, ya ci gaba. A goge kaifin baki saboda sartse.

Katako ɗaya mai ƙafa goma sha biyu zai ba ki gunduwa sama da sittin. Guda 36 sun isa ki gina kiyub ɗin ɗaya da na biyu da na uku a jere lokaci guda. Guda 100 za su ƙara miki na huɗu, 225 na biyar. Ki riƙe waɗannan lambobi uku, zan dawo kansu.

In babu kuɗin kafinta, yumɓu ma yana yi, amma da ɗan akwatin zubi guda ɗaya za a buga su duka, a shanya a inuwa, in ba haka ba su tsattsage, musamman da hunturu. Sabulun wanki na sanda yana yankuwa da wuƙa, sai dai yana motsewa in ya bushe. Dayis ɗin ludo cikakken kiyub ne, amma ɗigon da ke jikinsa yana janye hankalin yaro, sai ya koma ƙirga ɗigo. Sukari mai ƙwaya da dunƙulen Maggi kuwa, in za ki ji tawa, ki bar su a kicin. Yawancinsu ba cikakken kiyub ba ne, sannan na taɓa shiga aji da sukari ashirin da bakwai na fito da goma sha tara, ragowar ma kiyashi ya gaje su. Tsinke da ƙwallon yumɓu da ake haɗa ƙwarangwal ɗin kiyub da su suna da kyau wajen ƙirga kusurwa takwas da baki goma sha biyu, amma cikinsu fanko ne, mu kuwa cikin muke nema.

Yanzu darasin kansa. Ki zauna a tabarma kusa da 'yar taki, ku fuskanci wuri ɗaya. Ki jera gunduwa biyu: ga layi. Ki ƙara wani layin a gabansa: ga murabba'i, biyu ta gefe, biyu ta gaba. Wannan matakin kada a yi masa gaggawa. Yaron da bai zauna da murabba'i ba, kwana da kwanaki yana gina huɗu da tara da sha shida, bai shirya wa kiyub ba. In murabba'in ya zauna, sai ki ce, "Mu mayar da shi bene." Ta gina wani murabba'in irinsa ta ɗora. Sai ki yi tambayar da darasin duka ya rataya a kanta: "Ya isa, ko mu ƙara hawa?"

Kada ki ba ta amsa. Yara da yawa za su ƙara, don gini mai tsawo ya fi burge su. Ki bar ta ta ƙara. Sannan ki ɗauko gunduwa ɗaya ki juya ta ta kowane gefe, ki nuna mata cewa duk yadda aka kwantar da ita kamanninta ba sa canzawa. Ki tambaye ta ko benenta haka yake. Ta duba ta gefe, ta duba ta sama, ta ga wata fuskar murabba'i ce, wata kuma ta yi tsawo. Da kanta za ta cire hawa na uku. A wannan cirewar ta gano dokar: yawan hawa sai ya zo daidai da yawan da ke layi. Biyu ta gefe, biyu ta gaba, biyu ta sama. Sai ku rushe hawa-hawa kuna ƙirgawa: huɗu, da huɗu, takwas.

Wata rana ku yi na uku. Kafin ta fara, ki ce ta canka guda nawa zai ci. Za ta ce tara, ko sha biyu, ko wani abu kusa da haka. Ki ba ta abin da ta ce ɗin daidai, kada ki ƙara ko ɗaya. Za ta shimfiɗa hawan farko, kayan su ƙare ko su kusa, ta ɗago ta dube ki. Wannan kallon ya fi bayanin minti arba'in a allo. Ta sake roƙo, ki sake ba ta, har sai ginin ya rufe a ashirin da bakwai. Yaron da kaya suka taɓa yanke masa a hawan farko, da wuya ya sake ce miki kiyub ɗin uku tara ne, domin ya san tara daɓen ƙasa ce kawai.

Daga nan sai ki juya wasan. Ki zuba mata guda ashirin ki ce ta yi dunƙule ɗaya da su duka, kada ko ɗaya ya rage. Za ta gwada ta gwada. In ta yi na biyu, sha biyu sun yi saura. In ta nufi na uku, bakwai sun gaza. Ki ba ta goma, ki ba ta sha shida, ki ba ta takwas. A hankali za ta lura cewa yawancin lambobi ƙi suke yi, 'yan kaɗan ne ke yarda su dunƙule. Waɗannan masu yardar su ne lambobin kiyub: 1, 8, 27, 64, 125. Ɗaya takan jawo gardama, wasu yara su ce ai ba a gina komai ba. Ki bar su su yi musu, sannan ki tambaye su nawa ne ta gefe, nawa ta gaba, nawa ta sama.

Ga yaudarar uku ta biyu, kuma ita ce ta fi ɓoyuwa. In kika zana kiyub a allo, fuska uku ake gani: sama, gaba, da gefe ɗaya. Yara da yawa ba gunduwa suke ƙirgawa ba, 'yan murabba'an da idonsu ke gani suke ƙirgawa. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Michael Battista da Douglas Clements, sun yi rubutu a kan wannan a 1996, inda suka nuna yadda 'yan firamare ke kallon irin wannan gini a matsayin fuskoki, su manta da abin da ke ciki. To, a kiyub ɗin uku kowace fuska tara ce, fuska uku ashirin da bakwai. Yaro ya bi hanyar da ba ita ba, ya faɗo kan amsar da take daidai, malami ya sa masa maki ya wuce. Ba shi zanen na biyu ki gani: zai ce sha biyu, alhali takwas ne. Na huɗu zai ce 48 a maimakon 64. Saboda haka in za ki gwada fahimtar yaro da zane, ki guji uku.

Maganin wannan shi ne a sa yaro ya damu da cikin ginin. Nakan shafa wa gunduwa ɗaya jan fenti, mu kira ta amarya. In ana gina na uku, sai a sa ta a tsakiyar hawa na biyu. Da an rufe hawa na uku, amarya ta shige ɗaki, ta ko'ina ka leƙa ba ka ganinta, ashirin da shida sun kewaye ta. Sai in tambaya: a na biyu amarya nawa za su iya ɓuya? Babu ko ɗaya, kowa a waje yake. A na huɗu fa? Nan za ki ga 'yan aji uku sun yi tsit. Amsar takwas ce, wato kiyub ɗin biyu ne zaune cikin na huɗu. A cikin na biyar kuma na uku ne kwance, guda 27. Ba na gaya musu, ɓare ginin suke yi kamar albasa su gani.

'Yan ajinki za su ji daɗin wasan alli. A gina na uku, a yi wa kowace fuskar da ke waje ɗigon alli, har da na ƙasa, sannan a rushe a ware. Masu ɗigo uku guda takwas ne, 'yan kusurwa. Masu biyu sha biyu, masu ɗaya shida, sai amarya da alli bai taɓa ba. A haɗa: 8 da 12 da 6 da 1, ashirin da bakwai. In wani yaro yana da abin wasan nan mai launuka da ake murɗawa, wanda Ernő Rubik ɗan ƙasar Hungary ya ƙirƙira a 1974, a kawo shi a duba: gunduwa 26 ne, gurbin amarya kuma abin da ke riƙe da su ne a ciki.

Wajen sanya suna, ina bin hanyar matakai uku da Montessori ta ɗauko daga likitan nan na Faransa, Édouard Séguin. Da farko ke ce mai faɗa: "Wannan murabba'in uku ne. Wannan kiyub ɗin uku ne." Sannan ki riƙa cewa ta nuna miki, ta miƙo miki, ta kai wancan bakin ƙofa, ki daɗe a nan. Sai a ƙarshe ki nuna ki ce, "Wannan fa?" In ta kuskure kada ki ce ba haka ba ne, ki koma matakin farko wata rana.

Rubutu shi ne na ƙarshe, kuma 'yar shekara biyar ba ta da gaggawarsa. Ki tuna cewa ita kanta wannan ƙaramar lamba ta sama ba ta bazu ba sai bayan da René Descartes ya yi amfani da ita a 1637. Masana lissafi na Girka da na ƙasashen Musulmi sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki da kiyub da sunansa kawai. Ga 'yan aji uku, ki rubuta 4 × 4 × 4 a kati ki jingina shi da ginin, yaro ya taɓa kowace huɗu yana nuna inda take: ta gefe, ta gaba, ta sama. Ku yi makonni a haka. Ranar da suka fara ƙorafin rubutun ya yi tsawo, sai ki ce musu akwai gajeriyar hanya, ki rubuta 4³, ki ce ƙaramar tana faɗin sau nawa huɗu ta fito ne, ita ba a ninkawa da ita. Ki fara da huɗu da biyar da biyu. Sai sun zauna ki kawo 3³, don a nan ne babba da ƙarama suke kama ɗaya.

Akwai wasu abubuwa biyu da nake ajiye wa yaran da suka riga sauran gamawa. Na farko: ga kiyub ɗin biyu a tsaye, me za a ƙara masa ya zama na uku ba tare da an rushe shi ba? Za su manna murabba'i mai huɗu a fuska uku, sha biyu ke nan. Sai su ga kwari uku sun rage, kowanne na cin biyu, shida. Sai rami ɗaya a kusurwa. Sha biyu da shida da ɗaya, goma sha tara. Takwas da sha tara, ashirin da bakwai. Daga na uku zuwa na huɗu: faranti uku masu tara, sanda uku masu uku, da ɗaya, 37. Wannan faranti uku, sanda uku, kusurwa ɗaya shi ne abin da za su haɗu da shi a sakandare da sunan (a + b)³, inda ɗalibai ke haddace shi suna kuka. A ajin Montessori akwai akwati mai gunduwa takwas masu launi da aka yi musamman don wannan, 'yan shekara huɗu suna harhaɗa shi a matsayin wasa.

Na biyu shi ne lambobin nan da na ce ki riƙe. A gina kiyub ɗin ɗaya da na biyu da na uku, a rushe su duka a cakuɗa, a ce yara su shimfiɗa su su zama murabba'i ɗaya. Zai fito cif, shida ta shida, babu saura. Shidan kuwa ita ce 1 da 2 da 3. A ƙara na huɗu, guda ɗari, goma ta goma. A ƙara na biyar, 225, sha biyar ta sha biyar. Haka yake tafiya ba ya saɓawa, kuma al-Karaji, wanda ya yi aiki a Bagadaza wajen shekara ta 1000, ya kafa hujjarsa. Tun kafin shi, Nikomakus, mutumin garin Jarash da ke ƙasar Jodan a yau, ya lura cewa in ka jera lambobin mara ka yanka su ɗaya, biyu, uku, huɗu, kiyub ne ke fitowa: 1, sai 3 da 5 takwas, sai 7 da 9 da 11 ashirin da bakwai, sai 13 da 15 da 17 da 19 sittin da huɗu. Ni kaina har yau in na ga tabarmar nan ta sha biyar ta rufe ba gurbi, sai na ji wani daɗi.

Kiyub ɗin goma ba sai kin tara gunduwa dubu ba. Ki sa mai walda ko mai gyaran kwano ya haɗa miki ɗan gwangwani mai santimita goma ta ciki ta kowane gefe. Lita ɗaya yake ci. Ledar fiya wata biyu, irin mai rabin lita, za su cika shi ko su kusa. Sannan ki samo kara goma sha biyu masu mita ɗaya-ɗaya, ku ɗaure su da igiya a tsakar makaranta, yara su shiga ciki su ga su nawa zai ɗauka. Wannan fankon lita dubu yake ci, jarka arba'in ke nan ta lita 25, irin wadda 'yan garuwa ke turawa a kura. In kika ce musu 'yan gunduwa masu santimita ɗaya guda miliyan ne za su cika shi, ba za su yarda ba, sai kun yi lissafin ɗari sau ɗari sau ɗari tare. A nan kuma za su ga abin da Zoltan Dienes, wani masanin koyar da lissafi, ya gina kayan koyarwarsa a kai: ɗaya dunƙule ne, goma sanda, ɗari faranti, dubu kuma dunƙule ya dawo. Dubu goma sanda, dubu ɗari faranti, miliyan dunƙule. Waƙafin da muke sawa bayan kowane gurbi uku a manyan lambobi, a daidai inda dunƙulen ke dawowa yake faɗawa.

Na san ajinki ba yara ashirin ba ne. In sun kai sittin ko tamanin, kada ki tsaya a gaba kina ginawa su suna kallo, wannan da zane a allo duk ɗaya ne. Ki raba su rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida da gunduwa 27, ko kuma ki ware kusurwa ɗaya ta aji, rukuni ɗaya su yi gini yau sauran suna aikin littafi, gobe wasu. Ki sa ido a kan 'yan mata da masu sanyin hali, don a kowane rukuni akwai mai hannu da sauri da zai kwashe kayan. Nakan raba aikin: kowane hawa da mai gina shi. 'Yan aji shida ma katakon nan ne maganinsu, sai dai za su ji kunya in aka ce su gina na biyu. A ba su na huɗu da tambayar amarya, ba za su ga an raina su ba.

A gida kuwa, minti goma ya ishe ta, ki tashi tun tana marmari. In ta mayar da su mota ko ɗakin 'yartsana, ki ƙyale ta. Idan akwai mai rarrafe ko ɗan ƙasa da shekara uku a gidan, kada duwatsu ko ƙananan gunduwa su kwana a ƙasa, saboda baki yake kai komai. Na inci biyun nan sun fi aminci.

Gunduwa suna ɓacewa, wasu a aljihu, wasu a ƙarƙashin benci. Tun kina wurin kafinta ki sa ya ƙera wa kowane rukuni ɗan akwati da zai ci ashirin da bakwai daidai, uku ta kowane gefe, da murfi mai zamewa. In an kaɗa ƙararrawa, ba sai kin ƙirga ba. Yaran su jera su a ciki hawa-hawa, in guda ɗaya ya ɓata za a ga raminsa a hawan sama, kuma ba a rufe akwati sai an nemo shi.